Giya ta yi sako-sako? Kada ka yarda a sauke maka giyabos tukuna

Bidiyonmu na wannan mako a kan tsofaffin motoci ne masu giyar hannu, kuma akwai magana ɗaya da nake so in ajiye a rubuce. Idan sandar giyarka ta fara yawo kamar ludayi a ƙwaryar koko, a ganina robobin da ke tsakanin hannunka da giyabos ne abin fara zargi. Giyabos ɗin kansa shi ne na ƙarshe.

Sandar da kake riƙewa, a mota mai jan gaba, ba ta shiga cikin giyabos kai tsaye. Wani abu ne ke kai saƙo. A yawancin Golf 3 masu ƙaramin inji, sandunan ƙarfe ne da aka haɗa da ƙwallaye da bush na roba. A Corolla da wasu Golf 4, kebul biyu ne: ɗaya na gaba da baya, ɗaya na hagu da dama. Kowace mahaɗa tana da bush ɗinta. Motar da ta haura shekara 20 tana shan zafin inji da ƙura da ɗigon mai, dole robar nan ta ci ko ta tsage. Kuma da yake sandar doguwa ce, 'yar ƙaramar rata a ƙasa sai ta zama babban lilo a hannunka.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Kashe inji, ja birkin hannu, sa lamba uku. Ka sa yaro ya riƙa kaɗa sandar hagu da dama a hankali, kai kuma ka buɗe bonet ka bi motsin da ido. Duk inda ƙarfe ɗaya ya motsa, na kusa da shi ya tsaya cak, to nan ɓarawon yake. Ka ɗaga ledar gindin sandar a cikin mota, ka duba kofin robar da ƙwallonta ke zaune a ciki. Ka leƙa robobin da inji ke zaune a kansu ma, domin idan sun mutu inji yana rausaya, yana jan mahaɗan tare da shi.

Wani zai ce, to ai wani lokaci giyabos ɗin ne da gaske. Haka ne, amma alamarsa daban. Idan ka taka kuloci har ƙasa, lamba biyu ta yi ƙara "ƙarrr" kafin ta shiga, sau da yawa zoben tagullar ciki ne da ake kira sinkuro ya ci. Idan giyoyi suna shiga sumul in inji na kashe, amma ka tayar suka ƙi, musamman ribas, kuloci ne bai saki sosai ba. Sako-sako zalla, ba ƙara, ba gardama, wannan aikin waje ne. Don haka idan fita ya ce maka "Alhaji, sai mun sauke" alhali bai ko kaɗa sandar ba, ka ce masa, "Masta, mu fara duba bush." Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba.

Sai batun abin da za a sa. Nan ne nake saɓawa da samarinmu masu oda ta intanet. Akwai gajeriyar sanda da ake tallatawa, wai shot shifta. Abin da take yi shi ne rage nisan tafiyar hannunka, ta kuma ƙara ƙarfin da za ka sa. Lilon zai ɗan ragu a hannu, gaskiya ne, amma cinyayyen bush yana nan inda yake. An rufe ciwo da kyakkyawar riga ke nan. Bush na tagulla ko alminiyam kuwa yana daɗewa, ban musa ba, sai dai yana kawo maka girgiza da kukan giyabos har tafin hannu. Mai tsere a fili zai so haka. Direban tasi da ke wuni a cunkoson Kejetia, bayan mako ɗaya zai tsine wa wanda ya ba shi shawarar.

Ni abin da na tsaya a kai: a sa irin wanda kamfani ya sa, kuma a canza saitin gaba ɗaya, kada a tsinci ɗaya a bar sauran. Ka ɗauki tsohon a aljihu ka tafi da shi Suame Magazine ko Abossey Okai, a gwada a gabanka. 'Yan uwa na Ingila da Jamus, ku nema da lambar shasi. Wanda ake yankawa daga tsohuwar taya zai kai ka gida, amma kada ka mai da shi na zama. A shafa giris na silikon, domin giris na man fetur yana kumbura wasu robobin. Bayan an haɗa a yi saiti. A wasu Golf 4 akwai ɗan makulli a jikin giyabos da rami a gindin sanda, ana kulle su biyun sannan a ɗaure kebul. Wanda ya tsallake wannan zai fita yana neman lamba ɗaya.

Kada kuma ka ce ai hannunka ya saba da ita. Ranar da ka fito wuce tirela a hanyar Tamale, ka nemi huɗu ka faɗa biyu, inji ne zai yi ihu, tayoyi su yi tirjiya, ga mota na tahowa. Kuma laluben kullum shi ke cinye sinkuro, har ka kai ga sauke giyabos ɗin da kake gudu. Ka ware minti goma ranar Asabar ka yi gwajin nan. Allah ya tsare hanya.