Aikin farko ga mai koyon rubuta manhaja

Iyaye da dama suna biyan kuɗin ajin kwamfuta, yaro ya share wata uku bai wuce buga rubutu a Word ba. Wannan koyon aikin sakatare ne. In ana son ya iya ba na'ura umarni, a ganina ya fara da ƙaramar manhajar da za ta riƙa tuna mishi ayyukansa: aikin lissafi ranar Laraba, ɗibar ruwa ƙarfe biyar.

Layi talatin na Python sun isa, kuma Pydroid 3 na aiki a salular Android ko babu intanet. Nan zai koyi jera ayyuka, da gwada lokacin kowane aiki da agogon salula, da sharaɗin "in lokaci ya yi, gaya mini". Sai ya rufe manhajar, ya sake buɗewa, ya tarar jerin ya ɓace. Ranar zai gane amfanin adana bayanai cikin fayil, abin da mun sha faɗa a allo bai shiga ba. Wani kuma zai sa 30 ga Fabrairu, Python ta ƙi karɓa.

Malamai ƴan uwana, kada mu rubuta musu su kwafa. Mu bar kowa da tashi manhajar har biyar ta buga, ya ga ko za ta yi magana.