Madubin likita: Ba girin-girin ba, ta yi mai

Mu masu nazarin harshe mun daɗe da sanin cewa sunan da aka ba abu shi ke jan akalar tunanin mutane game da shi. Bahaushe ya kira na'urar duba ƙwayoyin cuta madubin likita, ya kuma ɗauka aikinta ƙara girman abu ne kawai. Ina ganin wannan fahimta ce ke bin mu har ɗakin taron kwamitocin sayen kayan bincike a jami'o'inmu. Kowa tambaya yake sau nawa madubi ke ƙara girma, a manta da ɗaya lambar da ke jikin gilashin gaba, wadda ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga.

Tun 1873 masanin nan na Jamus, Ernst Abbe, ya nuna cewa faɗin ƙofar ne ke tantance ƙanƙantar abin da madubi zai iya bambancewa, kuma iyakarsa wajen nanomita 200 ce. Gilashin da iska ke tsakaninsa da samfuri ba ya wuce 0.95. Wanda ake ɗiga wa ruwa yakan kai 1.2, na mai kuwa 1.4.

Wannan ya fi muhimmanci ga mai nazarin ƙwayar halitta da ranta. Akan sa mata furotin mai ƙyalli, irin wanda aka samo daga wata halittar teku, aikin da ya jawo wa Shimomura da Chalfie da Tsien kyautar Nobel a 2008. Ƙyallin ba shi da ƙarfi, kuma yawan haska ƙwayar yana kashe ta. To, idan ƙarin girman ɗaya ne, ninka faɗin ƙofa sau 2 yana ninka hasken hoto har sau 16. Ke nan mai bincike zai kalli ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana kutsawa cikin jar ƙwayar jini ba tare da ya ƙona abin da yake kallo ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin jami'o'inmu da su riƙa jin ta bakin masu binciken kafin a rattaba hannu a kan kwangila. Mu kuma malaman harshe, haƙƙi ne a kanmu mu zauna da su, mu samar wa waɗannan abubuwa sunaye na Hausa da za su daidaita fahimta. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya sa mu dace.