Ra'ayinmu: A Bari Jiki Ya Dawo Kafin A Busa Usur

Duk lokacin da aka koma makaranta bayan dogon hutu, abu na farko da ɗalibai ke roƙo shi ne a buɗe musu fili. Mu ma malamai mukan yi murna, domin ihun yara a filin ƙwallo alama ce ta gari ya lafa. Sai dai a daidai nan muke son jan hankalin 'yan'uwa.

A yankinmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, hutun dole ba baƙo ba ne. An rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona. Ba a jima da komawa ba aka sace ɗaliban Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, aka sake rufewa. A 2025 kuma aka ba da hutun watan azumi. A kowane irin wannan hutu, atisaye tsayawa yake yi.

Jiki kuwa ba ya ajiyar horon da aka daina. Cikin 'yan makonni numfashi kan gajarta, tsoka ta saki, agara da jijiyoyin gwiwa su rage juriya, alhali zuciyar yaro tana nan da zafinta na da. Ko ƙwararru ba su tsira ba. A 2011 rikicin kuɗi ya hana 'yan wasan gasar NFL ta Amurka atisaye da kulob ɗinsu fiye da wata huɗu. Da suka koma, mutum 12 suka tsinke agara cikin wata guda. Ina ga yaron da ke taka leda a kan busasshiyar ƙasa, wani lokaci ba takalmi?

Wasu iyaye kan ce ai yaro noma ya yi duk damina, ƙarfinsa na nan. Gaskiya ne, amma ƙarfin fartanya daban, na gudu da juyi da karo daban.

Idan ɗan 'Yargoje ya karye a ƙwallo ko kokawa, sai dai a nufi mai ɗori, ko a goya shi a babur zuwa asibitin Ƙanƙara, a hanyar da ba mai son bi da yamma. Zai rasa darasi, wataƙila ya shiga jarrabawa da hannu a ɗaure. Malamin wasanni kuma shi za a tuhuma.

Don haka muna kira ga shugabannin makarantu da kada su sanya gasar gidaje ko wasa tsakanin makarantu sai an yi aƙalla mako uku ana atisaye. A fara da sassarfa da miƙe gaɓoɓi, a ƙara nauyi a hankali, karo da kokawa su zo ƙarshe. Duk ɗan ƙungiya da aka matsa wa ya fitar da yara ba shiri, ya sanar da reshe. Za mu tsaya masa. Sannu ba ta hana zuwa.