Cinikin zaɓi a kasuwar hannun jari: sana'ar tana wurin masu lissafi da kwamfuta

Tallace-tallacen da ke yawo a TikTok da Telegram suna nuna wa matasa cewa waya da data sun isa mutum ya zama ɗan kasuwar hannun jari, musamman ta cinikin zaɓi, wanda ake kira ofshin. Sana'ar tana nan da gaske, kuma ana samun albashi mai tsoka a cikinta. Sai dai wanda ke danna manhaja daga ɗakinsa ba shi ne ke cin moriyarta ba.

Kwangilar zaɓi tana ba mutum damar sayen hannun jari, ko sayar da shi, a kan ƙayyadadden farashi kafin wata rana, ba tare da an tilasta masa ba. Kuɗin da ya biya don samun wannan dama ba ya dawowa. A ce hannun jari yana dala 100, mutum ya biya dala 3 don damar saye a dala 105 cikin wata guda. Idan wa'adi ya cika farashin bai wuce 105 ba, dala 3 ta tafi gaba ɗaya. Sai ya haura 108 kafin a fara maganar riba. Don haka hasashen cewa farashi zai tashi bai wadatar ba, dole a dace da yawan tashin da kuma lokacinsa.

Indiya ta nuna yadda abin ke ƙarewa ga ɗaiɗaikun mutane. Hukumar kula da kasuwar hannun jarin ƙasar, SEBI, ta fitar da bincike a watan Satumbar 2024 da ya gano cewa kashi 93 cikin ɗari na ɗaiɗaikun masu irin wannan ciniki sun tafka asara cikin shekara uku. Binciken ya kuma nuna cewa kusan duk ribar manyan kamfanonin ciniki ta fito ne daga manhajojin da ke saye da sayarwa da kansu.

Tun 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar zaɓi ta Cikago kuma Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa tsarin lissafin farashin zaɓi, harkar ta karkata ga masu lissafi. Kamfanoni irin su Optiver, Jane Street da Citadel Securities suna ɗaukar waɗanda suka ƙware a lissafi, ƙididdiga da rubuta manhaja. Aikinsu shi ne sanya farashin saye da na sayarwa sau dubbai a rana, su ci ɗan bambancin da ke tsakani, suna auna haɗari a kowane daƙiƙa. Da su ne mai waya ke karawa.

Akwai kuma tarkon da ake kira binari ofshin, inda ake cankar ko farashi zai hau ko zai sauka cikin mintuna. Hukumomin Tarayyar Turai sun hana sayar wa talakawa shi tun 2018, amma har yanzu ana tallata shi a wayoyin matasan Najeriya da sunan zuba jari.

Matashin da ke son wannan sana'a zai fi amfana idan ya kashe kuɗin data wajen koyon Python, ƙididdiga da karanta rahoton kuɗin kamfani, sannan ya nemi gurbi a kamfanin dillanci mai rajista da hukumar SEC. Kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, ta fara cinikin kwangilolin gaba a 2022, kuma irin wannan fage na buƙatar masu nazarin haɗari da masu rubuta manhaja. Wanda kuma burinsa ajiya ne kawai, sayen hannun jarin kamfanoni daban-daban da riƙe su shekaru ya fi masa aminci a kan kwangilar da za ta iya zama sifili kafin ƙarshen wata.