Kafin a Ɗaura Sirdi: Burin Sabuwar Shekara ga Masu Sukuwa

Watan Janairu na kamawa, hirar masu dawaki a Afala da ƙauyukan Adar ba ta wuce abu guda: bana dokina ne zai zo na ɗaya. To amma wa zai hau? Sau da yawa yaro ne, saboda rashin nauyinsa, kuma yaron nan ɗalibinmu ne. Shi ya sa maganar ta shafi malamai da iyaye.

Ra'ayina shi ne, cin tsere fata ne, kuma nasara ta Allah ce. Burin da ya kamata a ɗauka shi ne wanda ke hannun mutum, wanda za a iya dubawa ƙarshen kowane wata a ce an cika ko ba a cika ba.

A Amurka akwai wata sukuwa da ake jera ganguna 3 a fili, mahayi ya kewaye kowace ya dawo, galibi cikin ƙasa da daƙiƙa 20. Wanda dokinsa ya ture ganga ɗaya, sai a ƙara masa daƙiƙa 5, shi ke nan ya faɗi. Saboda haka gwanayen wasan, waɗanda yawancinsu mata ne, sun fi ba da ƙarfi wajen koya wa doki jin linzami da iya juyawa. Gudu daga baya yake zuwa. Haka ya kamata mu tsara namu.

Na farko, abinci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne harawa da dusa ke da sauƙi. In bazara ta shigo, a Afrilu da Mayu, kuɗinsu kan tashi, zafi ya haura digiri 40. Mai doki ya lissafa daminsa tun yau. In bai kai damina ba, ya rage yawan tseren da zai shiga.

Na biyu, kilisa. A tsayar da ranakunta, da sanyin yamma bayan an tashi makaranta, ko ran Lahadi. A riƙa duba kofato da majayi kafin kowace fita.

Na uku, kan yaro. Hular kwano ba ta kai kuɗin sirdi ba. Uban da ya iya ciyar da doki ya iya sayen ta.

Na huɗu, wanda ya fi duka: kada sukuwa ta ci ko yini ɗaya na karatu. An shiga aji tun Oktoba, Janairu kuwa farkon zango na biyu ne, jarrabawa na jira wajen Yuni. Sai uba ya yi sharaɗi da ɗansa a gaban malami: ranar da aka rubuta ba ya nan, makon nan babu hawa.

Wasu abokan aiki za su ce a raba yara da doki kawai. Ban yarda ba. Doki gadonmu ne, kuma yaron da ke tashi da asuba ya ba dabba ruwa ya koyi ɗaukar nauyi. Hani zai sa ya hau a ɓoye, ba hula, ba mai kula.

Iyaye, ku zauna da ƴaƴanku cikin makon nan, ku rubuta abubuwan nan huɗu a bayan littafin yaro. Malamai kuma mu sa hannu duk ƙarshen wata.