Bakin Caja Ɗaya, Amma Don Wa?

Wai Tarayyar Turai ta kafa doka: daga 28 ga Disamba 2024, duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta sai mai bakin USB-C, kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma daga Afrilu 2026. Hujjarsu, a rage shara. Madalla! To, tsofaffin wayoyin nasu ina za su? Nan mana, a matsayin na hannu.

Ku je Sayam Forage ku ga mai cajin waya a rumfarsa: faifan hasken rana ɗaya, igiyoyi iri uku, siririn baki, tsohon baki, da sabon nan da muke cewa "taif-si". Tsohuwar da ta baro Damasak, da wayar nan take jin muryar ɗanta. Ran da igiya mai kyau irin tata ta ƙare a kasuwar Diffa, sai jabu, sai shiru.

Ƴan uwa, ba sabon baki muke ƙi ba, baki ɗaya sauƙi ne ga kowa. Zama juji muke ƙi. Hukumominmu su kafa tasu dokar kan abin da ke shigowa, ƴan kasuwa kuma su daina kwaso mana abin da wasu suka yar.