Barin Wani Wasan Intanet Zuwa Wani: Me Ya Kamata A Duba?

A wannan mako za mu taɓa wata mas'ala da ake yawan kawo mana, musamman daga matasan ma'aikata da 'ya'yan 'yan kasuwa. Akwai wasannin kwamfuta da ake yi ta intanet, inda dubban mutane ke haɗuwa cikin wata ƙagaggiyar duniya, kowa ya ɗauki siffar mayaƙi ko mai magani ko maƙeri, ya yi ta rainonta shekara da shekaru. Ana nan sai mutum ya gaji da wanda yake ciki, ya ji abokansa sun koma wani. Shin ya bi su, ko ya zauna?

Lamarin ya wuce yadda dattawa suke zato. A 2021 jama'a masu ɗimbin yawa suka bar World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar tun 2004, suka koma Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan, har cunkoso ya sa aka dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci a watan Disamba na wannan shekara.

Abin da yake riƙe galibinsu shi ne ganin sun zuba kuɗi da shekaru a tsohon wasan. To, wannan ba hujja ba ce. Doki da takobi da gidan da aka tara a ciki ba mallakarka ba ne, izinin amfani kawai kamfani ya ba ka. A watan Janairu na 2023 aka rufe World of Warcraft a ƙasar Sin saboda yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase ta ƙare, ba a sake buɗe shi ba sai a 2024. Ɗan kasuwa dai ya san bambancin rumfar haya da gidan gado.

Abin dubawa shi ne yadda sabon yake karɓar kuɗi. Wanda ake biya duk wata, kuɗi sananne a kan muddar sananniya, ya yi kama da ijara. Amma akwai waɗanda ake ce wa kyauta, alhali suna sayar da rufaffen akwati wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Wannan garari ne, kuma a ganinmu ɗan'uwan cacar da Allah ya hana cikin Suratul Ma'ida ne, aya ta 90 da ta 91. Har ƙasar Beljiyam, wadda ba da shari'armu take aiki ba, ta sa irin waɗannan akwatuna ƙarƙashin dokar caca a 2018. Wanda ya bar na wata-wata ya faɗa cikin wannan, ya gudu daga yayyafi ne ya shiga mamako.

Sai kuma lokaci. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana wasan nardu da na shaɗaranji, kuma daga cikin dalilan da malamai suka bayar akwai shagaltarwa daga salla. Sabon wasa kuwa ya fi tsoho cin lokaci, domin daga tushe za a faro, ana gaggawar cim ma waɗanda suka riga. A bincika tun kafin a shiga: yaƙin da ƙungiya take fita tare, a wane lokaci yake faɗowa a agogonmu? Ana iya tashi idan an kira salla? Idan ma'aikaci zai kwana yana yi, gobe ya yi gyangyaɗi a ofis, to haƙƙin jama'a ya ci.

Wanda ya yanke shawarar tashi, ya sanar da 'yan ƙungiyarsa tun da wuri, domin mutane ne na gaske, kuma alkawari da su alkawari ne ko da ba Musulmi ba ne. Ya mayar da kayan ƙungiya da ke hannunsa, sannan ya soke umarnin cirar kuɗi daga katinsa na banki, kada a ci gaba da cira bayan ya tafi. Allah shi ne mafi sani.